SHARAR YERWA: WA ZAI KWASHE TA?

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu waɗanda neman abinci ya kai su Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca da Inugu da sauran biranen Kurmi. Yau ina roƙon ku mu ɗan jingine zancen kujeru da masu neman su, mu juya ga wani al'amari wanda manya ba su cika son a tayar da shi a gabansu ba, domin ba shi da ƙamshi, kuma ba a kiran maroƙa a yi masa biki. Zancen shara nake nufi, watau sharar gidajenmu na Maiduguri, da inda take dosa bayan ta bar ƙofar gida.

A daminar da ta wuce na je ganin gida, na sauka a wani layi na cikin gari wanda ba shi da nisa da kogi. Da sassafe matan gida suka share tsakar gida tas, kamar yadda aka san matan Barno da son tsafta da turare, suka tara sharar a tsohon bokiti, aka kira almajiri aka ba shi ɗan abin hasafi ya fita da ita. Ina zaune a zaure ina kallonsa, bai yi taku talatin ba ya kifa bokitin a cikin lambatun da ke kusurwar layi, ya dawo abinsa. Ban ga laifin yaron ba, gama ba wanda ya nuna masa wani wuri, kuma kafin hantsi na ƙirga yara shida daga gidaje dabam-dabam sun yi yadda ya yi. Bayan la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ba a yi sa'a guda ba sai ga ruwan kwata ya tsallako dokin ƙofa ya shigo zaure. Muka naɗe wanduna muka fita da shebur da manjagara, muka yi ta jawo ledar fiya wata da robobin lemo da tsummoki da ganyen darbejiya daga bakin kwalbati, kowane magidanci yana sunkuyar da kai, domin kowa ya shaida kayan gidansa a ciki. Abin da muka kora da safe shi ne ya dawo mana da yamma.

Wannan layi ɗaya ne tak. Amma duk wanda ya san Gwange da Hausari da Bulabulin da Mafoni da Gamboru da Bulumkutu ya san labarin ba baƙo ba ne a ko'ina cikinsu.

YADDA AKA FARO

Yerwa gari ne da aka zana shi kafin a gina shi. A shekarar 1907 aka kafa shi, Shehu Abubakar Garbai ya komo da fadarsa can, aka fitar da hanyoyi masu faɗi, daga baya kuma aka jera musu itatuwan darbejiya waɗanda har yau su ne adon garin da inuwarsa. Dattawanmu suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda Yarabawa suke kira wole-wole, mutumin da yake shiga gida ya buɗe randa ya leƙa, ya dubi makwarara da bayan gida, in ya sami ƙazanta a kai maigida gaban alƙali. Ba a ƙaunarsa, amma ana shakkarsa, kuma Bulama da Lawan suna bayansa.

Abu biyu suka sauya tun daga wancan zamani. Na farko shi ne yawan jama'a. Tun daga 2009 da fitina ta ɓarke, mutanen ƙauyuka da garuruwa irin su Bama da Dikwa da Gwoza da Monguno suka yi ta kwararowa Maiduguri domin tsira da rayukansu, gidan da aka gina wa mutum goma ya ɗauki talatin, aka kafa sababbin unguwanni inda babu magudanar ruwa balle wurin zuba shara. Ko da yake an fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin gari a 2021, da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun riga sun zama 'yan gari.

Na biyu kuwa shi ne ita kanta sharar ta sake kama. Sharar kakanninmu toka ce da ganye da kashin awaki da fasasshiyar ƙwarya da ɓawon gyaɗa, abin da in an tara shi a juji damina ɗaya ta ishe shi ya koma ƙasa. Ta yau kuwa leda ce ta mamaye ta. Mai kayan miya a Kasuwar Litinin yakan ƙulla tumatir a leda, barkono a leda, sa'an nan ya haɗa su a babbar leda. Ruwan sha a leda, koko a leda, man gyaɗa a leda. Ita kuwa leda ba ta ruɓewa a zamanin wanda ya yar da ita, ko na 'ya'yansa. In ta shiga kwata ta toshe, in tunkiya ta haɗiye ta sai ta yi ta ramewa har ta mutu, mahauta kuwa sun sha ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin dabbobi. In an cinna mata wuta, hayaƙinta dafi ne ga ƙirjin yara da tsofaffi. Mun ci gaba da yi wa sabuwar shara irin riƙon da muka gada na tsohuwa, shi ne ya kai mu inda muke.

RUWAN ALAU DA DARASINSA

Ba za a yi zancen magudanan ruwa na Maiduguri a tsallake daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata na 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gama ginawa a 1986 a kan kogin Ngadda, ta ɓalle. Ruwa ya ci Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da Asibitin Koyarwa na Jami'a, ya fasa gidan yari, ya kashe dabbobin gidan ajiyar namun daji na Sanda Kyarimi, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Da yawa daga cikinku kun kwana kuna buga waya gida ba ta shiga. Shekara talatin kafin wannan, watau a 1994, madatsar nan ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ya kamata a faɗe ta: ba shara ce ta fasa Alau ba. Wannan nauyi yana wuyan waɗanda aka danƙa wa kula da madatsar, kuma kada wani mai mulki ya fake da ledar talaka ya wanke kansa. Amma fa ruwan da ya shigo gari yana bukatar hanyar fita, hanyoyin kuwa mun riga mun cika su. Bakin Ngadda da ƙarƙashin gadoji sun daɗe da zama juji. Da ruwa ya kwanta a unguwanni, ya haɗa bola da masai da rijiya ya dama su wuri ɗaya, watan Oktoba bai yi nisa ba Gwamnatin Jiha ta ba da sanarwar ɓullar cutar amai da gudawa. Ba wannan ne karo na farko ba. A daminar 2017 cutar ta tashi daga sansanin Muna Garage, ta kama mutum fiye da 5,000 a jihar, kimanin 60 suka riga mu gidan gaskiya.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira miliyan dubu 80 domin sake gina madatsar. Madalla da wannan. Sai dai ko an gina ta da ƙarfe, ba za ta hana ruwan Agusta shiga zauren da lambatunsa ya toshe ba. Alau takan ɓalle sau ɗaya a shekaru masu yawa, ambaliyar layi kuwa kowace damina ce, ita ce take jiƙa tushen katanga har ta faɗi, ita ce take renon sauron da yake kwantar da 'ya'yanmu.

AIKIN WA NE?

Tsarin Mulki na 1999 bai bar wannan tambaya a duhu ba. A cikin jerin ayyukan da ya ɗora wa ƙananan hukumomi ya ambaci kwashe shara da kula da bayan gida na jama'a. Ke nan a Maiduguri aikin yana kan Majalisar Birni da Ƙaramar Hukumar Jere, tare da hukumar kiyaye muhalli ta jiha, watau BOSEPA, wadda ma'aikatanta suke share manyan tituna, motocinta kuma suke kwasar tarin shara. Wanda ya bi manyan hanyoyin garin da safe zai ga aikinsu, kuma ba za mu hana su yabon da suka cancanta ba. Amma tifa ba ta shiga lungu, mafi yawan jama'a kuwa a lungu suke. Tsakanin ƙofar gida da inda tifa take iya tsayawa akwai wani ɗan taƙi wanda ba na kowa ba ne, a nan ne almajiri yake kifa bokitinsa.

Da ƙananan hukumomi sukan ce kuɗinsu ba ya isowa hannunsu. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. To, haƙƙin talaka ne ya tambayi kansilansa ko kuɗin ya iso, in ya iso nawa aka ware wa shara, in kuwa bai iso ba wa ya tare shi.

Wasu kuma suna cewa maganin abin shi ne a dawo da bulala irin ta da. Bari mu tuna yadda ta kasance. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a ƙarshen Yuli na 1985 kuma Janar Tunde Idiagbon ya buɗe babinsa na tsaftar muhalli a Kano. Garuruwa sun yi fes, ba musu. Amma kafin watan Agusta ya ƙare an kifar da gwamnatin, abin da ya saura shi ne Asabar ɗin ƙarshen wata. Mu duka mun ga yadda wannan Asabar take ƙarewa: a yashe kwata a tara dagwalon a bakin hanya, motar da za ta kwashe ba ta zo ba, ruwa ya sauko ya mai da shi inda aka ciro shi. Tsaftar da tsoro ya kawo, tsoron yana gushewa take bin sa. Gida kuwa kullum yake fitar da shara, ba sau ɗaya a wata ba.

A RABA TA TUN DAGA TSAKAR GIDA

Ra'ayina shi ne a fara gyara daga ƙasa, layi-layi, ƙarƙashin Bulama da limamin masallacin unguwa, kuma mabuɗin aikin shi ne a daina cakuɗa shara. Duk abin da yake fita daga gidan Bahaushe ko Babarbare ko Shuwa a Yerwa kashi uku ne.

Kashi na farko, wanda ya fi nauyi, shi ne mai ruɓewa: ganyen darbejiya da yake zuba da rani, toka, kashin tumaki da na kaji, ɓawon albasa, sauran abinci. Wannan taki ne muke kira shara. Manoman karkarar Kano sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa jakunansu suke shiga birni da itace su fito da mangalar toka da juji zuwa gona, da haka suka yi ɗaruruwan shekaru suna noma ƙasa ɗaya ba ta gaji ba. Yin sa ba wuya. A haƙa rami mai zurfin ƙugu a wani kango ko gefen fili, a shimfiɗa busasshen ganye, a bi shi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwan wanke-wanke wanda ba shi da sabulu da yawa, a sake jerawa haka har ramin ya cika, a rufe da ƙasa ko tsohuwar tabarma. Bayan kowane mako biyu ko uku a juya shi domin iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi, warinsa ya koma na ƙasar da ruwan fari ya daka. Masu lambu a bakin Alau da manoman fadamar Jere da Zabarmari suna kuka da tsadar takin zamani tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashinsa. Ga masu bukata a bayan gari, ga mu kuma muna cinna wa kayan wuta kowace yamma, hayaƙi ya haɗu da ƙurar hunturu ya shaƙe unguwa. Wannan asara har ina?

Kashi na biyu shi ne mai kuɗi: robar ruwa da ta lemo, fasasshen bokiti, tsofaffin silifa, gwangwani, kwalba, kwali. A nan ba ni da abin da zan koya muku, ku ne malamai. Wa ya kai yaran Arewa sanin darajar bola a ƙasar nan? Su ne a jujin Olusosun na Ojota, su ne suke zagaya unguwannin Ikko da Badun da buhu a kafaɗa, sun san wace roba ake niƙawa a sayar wa masana'antu da kilo, sun san wane gwangwani maƙera suke narkawa su zuba tukunya. Sana'ar da ake yi mana gori da ita a Kurmi, ita ce gidanmu yake bukata.

Na san sana'ar tana da tabo a Barno. A watan Mayu na 2022 an kashe mutane kimanin 30 a yankin Dikwa waɗanda suka shiga daji neman tsofaffin ƙarafa, a watan Yuli na 2023 kuma Gwamna Babagana Umara Zulum ya haramta tsintar ƙarafa a jihar, saboda kashe-kashen da kuma ɓarnar kayan gwamnati da ake yi da sunan sana'ar. Dalilin hanin a bayyane yake. Amma tsintar ƙarfe a kufai dabam, sayen roba da kwali a ƙofar gida dabam. Ya kamata hukuma ta rarrabe su a fili, ta yi wa masu sayen roba rajista ta hannun Bulamominsu, ta ba su shaida, domin kada laifin wani ya shafi wani.

Kashi na uku shi ne abin da ba ya ruɓewa kuma ba mai saye: ƙazantacciyar leda, ƙunzugun jarirai na zamani, tsumma. In an fitar da kashi biyun farko, wannan ba shi da yawa, kura ɗaya ta isa ta kwashe na layi guda ta kai inda tifa take tsayawa.

Bari mu yi lissafi a misalce. A ce layi mai gida 40, kowane gida ya ba da naira 500 a mako, an sami naira 20,000 ke nan. A ɗauki samari biyu 'yan layin, waɗanda kowa ya san iyayensu, a ba su kura da shebur da safar hannu da takalmin roba, su zagaya sau uku a mako a ranakun da aka tsayar. Kuɗin taki da na roba ya zama ƙari a kan ladansu. A damƙa ajiyar kuɗin ga wanda jama'a suka yarda da shi, a karanta lissafi a ƙofar masallaci kowane ƙarshen wata, gama abin da yake kashe irin wannan haɗin kai shi ne zargi. Gidan marayu da na gajiyayyu a ɗauke musu. Kuma kada a manta da mata, domin su ne masu tsintsiya. In uwargida ba ta yarda da bokiti uku ba, duk shawarar da maza suka yanke a zaure ta mutu a nan.

MASU CEWA YUNWA TA FI SHARA

Wani zai ce mutumin da bai san abin da zai ci da dare ba, ina shi ina kuɗin shara? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya san halin da mutanen Barno suka shiga cikin shekarun nan ba zai yi mata dariya ba. Sai dai a lura, talakan nan yana biya tun yanzu. Yana biyan almajirin da yake zubarwa a kwata, yana biyan mai kemis kuɗin maganin zazzaɓi, yana biyan magini in katanga ta zube, wani lokaci kuma ya biya da abin da ba a mayarwa. Mai hali yana zaune a unguwar da ruwa ba ya kwana, in ɗansa ya yi zazzaɓi akwai asibitin kuɗi. Ƙazantar gari haraji ce da talaka kaɗai yake biya, rigakafi kuwa an ce ya fi magani.

Wani kuma zai ce in jama'a suka ɗauki aikin, an sauke wa hukuma nauyinta ke nan. A'a. Layin da ya haɗa kansa, ya tara shararsa wuri ɗaya a rana sananniya, shi ne yake da bakin zuwa sakatariya ya ce ina mota. Abin da muke nema ga hukuma a fili yake: ta keɓe matattarar shara a kowace mazaɓa, ta tsayar da ranar zuwan tifa ta kuma cika alkawari, ta hana zuba shara a bakin Ngadda bayan ta nuna wa mutane inda za su zuba, ta yashe manyan magudanai kafin watan Yuni. Game da leda kuwa, ƙasar Ruwanda ta hana ta tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Ikko da kuke zaune ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024. Barno ma za ta iya farawa a hankali daga manyan kasuwanni, a komo da kwando da jakar saƙa, masu saƙar kaba su ma su sami ciniki.

RABONMU MU NA NESA

Saura mu da muke Kurmi. Kowane wata kuɗi yana tashi daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Badun zuwa gida, na abinci, na makaranta, na ragon Layya, na gudummawar biki. Muna da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, muna da adashi, muna da sarakunanmu na zango waɗanda in sun yi kira ana amsawa. Me zai hana kowace ƙungiya ta ɗauki layin da 'ya'yanta suka fito, ta sayi kura ɗaya da kayan aiki, ta riƙe ladan samarin na wata ukun farko kafin abin ya tsaya da ƙafarsa? Kuɗin bai kai na ɗinkin Salla na gida ɗaya mai yawan iyali ba. Wanda kuma ya ƙware a cinikin roba a nan, ya koya wa ƙanensa na gida, ya haɗa shi da masu saye a Kano. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ga hanya, ga abin cutarwa, kuma iyayenmu ne suke bin ta zuwa masallaci da asuba.

Ga masu neman ƙuri'a kuma, na jam'iyyarmu da na sauran, in sun zo zango neman goyon baya, ko sun aiko a gaya wa 'yan gida inda za su dangwala, a yi musu tambaya ɗaya kafin a karɓi hula da atamfa: ranar wace tifa za ta riƙa zuwa unguwarmu? Wanda ya kasa amsa wannan, da wuya ya iya abin da ya fi shi girma.

Galibinmu muna tara abin da muke tarawa ne domin wata rana mu koma, mu gina ɗan gida, mu shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya mu huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma damina ba ta jiran kowa ya shirya. Kafin hadarin bana ya haɗo, kowa ya buga waya gida, ya nemi Bulaman layinsu, a fara da kura ɗaya da rami ɗaya.

Allah ya zaunar da Barno lafiya, ya jiƙan waɗanda ruwa da cuta da fitina suka ɗauke mana, ya mai da kowane matafiyi gida cikin alheri, amin.